Ziyara da Neman Albarka a Ƙasar Katsina: Daga Gindin Tsamiya zuwa Hubbaren Waliyyi

Gabatarwa

Wanda ya biyo hanyar mota daga Kano zuwa Katsina, da zarar ya wuce Tsanyawa ya shiga ƙasar Kusada, daga nan sai Kankiya, wadda ke da nisan kimanin kilomita 60 daga birnin Katsina. Ƙasa ce ta manoma, masu gero da dawa da wake da gyaɗa, waɗanda abincinsu na shekara ya rataya a kan damina ta wata huɗu. Mutumin wannan yanki yana zaune ne a tsakiyar tsofaffin birane uku, watau Katsina da Kano da Daura, kuma tun zamanin kakanninsa, idan ruwa ya ƙi sauka, ko mace ta daɗe ba haihuwa, ko yaro ya kasa riƙe karatu, akwai wuraren da aka san ana zuwa neman mafita. Wannan lacca za ta dubi waɗannan wurare, da dalilin da ya sa aka san kowanne da irin tasa albarka, da yadda suka sauya hannu daga iskoki zuwa waliyyai, sa'an nan da abin da ake hasara a yau cikin gardamar da ake yi a kansu.

Ma'anar albarka da ziyara

Kalmar albarka ta fito ne daga Larabci, inda take nufin ƙaruwar alheri da ɗorewarsa. Bahaushe ya ɗauke ta ya faɗaɗa ta. Gona takan yi albarka, yaro yakan zama ɗan albarka, iyaye sukan sa albarka, har mai sayarwa a kasuwa idan tayi bai yi masa ba sai ya ce albarka. Abin lura shi ne, a tunanin Bahaushe albarka tana naso, tana tashi daga mai ita ta shafi na kusa da shi. Karin maganar nan da ke cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko ta tattara wannan tunani gaba ɗaya. Wanda bai isa ya sami abu da kansa ba, sai ya raɓi wanda ya isa.

Daga nan ziyara ta samo tushenta. Kowace ziyarar neman albarka tana da rukuni uku: akwai wurin da ake zuwa, akwai wanda ake jin shi ne mai wurin, akwai kuma buƙatar da ta tayar da mai ziyara daga gida. Mai wuri yakan canja idan addini ya canja, wurin ma yakan ƙaura, amma buƙata ba ta cika gushewa ba. Saboda haka wanda ya jera wuraren ziyarar wata al'umma da abin da ake roƙo a kowanne, ya sami jerin abubuwan da suke hana mutanenta barci.

Misali daga ƙasar Japan

Kafin a shiga ƙasar Katsina, yana da amfani a leƙa wata ƙasa mai nisa inda wannan tsari ya fito fili a rubuce. Japanawa suna da addinin gargajiya mai suna Shinto, wanda ya ginu a kan girmama wasu halittun ɓoye da suke kira kami, masu zama a duwatsu da itatuwa da koguna, wasunsu kuma mutane ne da suka shahara suka mutu. Ɗakunan bautar Shinto sun kai kimanin 80,000, kuma manyansu kowanne da abin da aka san shi da shi.

Ɗakin Fushimi Inari da ke birnin Kiyoto asalinsa na shinkafa ne, manoma ke zuwa roƙon yabanya. Da ciniki ya bunƙasa sai ya zama na 'yan kasuwa, har kamfanoni suna kafa jajayen ƙofofin katako da sunayensu a kan hanyar hawa dutsen. Ɗakin Dazaifu kuwa an gina shi ne a kan kabarin wani masani kuma ma'aikacin fada mai suna Sugawara no Michizane, wanda aka yi wa sharri aka kore shi daga babban birni, ya mutu a shekarar 903. Tun da malami ne, sai ɗakinsa ya zama na masu neman ilmi, ga shi har yau ɗalibai suna tururuwa can gabanin jarrabawa, suna rubuta buƙatunsu a 'yan allunan katako suna ratayewa. Ɗakin Izumo an san shi da ƙulla aure, Suitengu na birnin Tokiyo da sauƙin haihuwa, Kotohira kuwa da kiyaye matuƙan jiragen ruwa.

Abu biyu za a riƙe daga wannan misali. Na ɗaya, albarkar wuri tana bin tarihin mai wurin: kabarin masani ya zama na ɗalibai. Na biyu, tana bin sana'ar masu ziyara: ɗakin manoma ya koma na fatake da zarar jikokin manoman sun shiga kasuwa. Duka biyun za a same su a ƙasar Hausa.

Duwatsu da itatuwa da rijiyoyi

Kafin Musulunci ya kafu, Hausawa sun yi imani da iskoki, kuma ragowar wannan imani ya daɗe a wurin Maguzawa, waɗanda gidajensu suka warwatsu a karkarar Kano da Katsina da arewacin Zazzau. Wani masani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna da Maguzawan Kano cikin 1938 da 1939, ya fitar da littafi a kansu a 1946. Murray Last kuma ya zauna a wani gidan Maguzawa kusa da Malumfashi a farkon shekarun 1970. Abin da irin waɗannan bincike suka nuna shi ne, Bamaguje bai musa samuwar Allah ba, sai dai yana ganin al'amuran yau da gobe suna hannun iskoki, kuma su ake lallashi da yanka.

Iskokin nan kowanne da sunansa da aikinsa da launin dabbar da yake karɓa. Akwai Kure, akwai Inna wadda ake kira Doguwa, akwai Uwar Gona mai kula da amfanin gona, akwai Sarkin Rafi na ruwa da fadama, akwai Gajimari da ake dangantawa da bakan gizo da ɗaukewar ruwan sama. Mazauninsu kuwa shi ne tsamiya da kuka da suri da kogon dutse da tsohuwar rijiya. Maigida yakan yi yanka a gidansa ko a bakin gonarsa kafin shuka da bayan girbi, amma idan abu ya shafi gari duka, sai a nufi babban wuri.

Manyan wuraren nan sananni ne. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya ba da labarin Barbushe da tsafin Tsumburbura a Dala, inda jama'a ke taruwa da baƙaƙen dabbobi, shi kuwa ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. A Zazzau akwai Kufena. A yamma akwai dutsen Kwatarkwashi, mazaunin Magiro, wanda a da yana cikin ƙasar Katsina. A Daura akwai rijiyar Kusugu, wadda labarin Bayajida da maciji ya ɗaukaka, har yau masu ziyara suna shan ruwanta, wasu suna guzurinsa don neman lafiya. A cikin ƙasar Mani kuma akwai Durɓi ta Kusheyi, inda tuddan kaburburan tsofaffin sarakunan Durɓawa suke. An tona wasunsu a 1907 da kuma 1992, aka sami kwanonin tagulla da duwatsun ado da kayan hauren giwa, abin da ya nuna cewa masu wurin sun yi hulɗar ciniki da ƙasashe masu nisa ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

A Kankiya da Kusada kansu, shaidar wancan zamani tana cikin sunaye da al'adu. Garuruwa irin su Rimaye da Tafashiya sunan itace suke ɗauke da shi, alamar cewa da itace ake gane mazauni. Har ila yau, a ƙauyukan Hausa da yawa tsofaffi sukan hana yaro zama gindin tsamiya da tsakar rana, ko zubar da ruwan zafi a ƙasa ba tare da bisimilla ba. Mai faɗin haka Musulmi ne, ɗan Musulmi, yana kuma fassara abin da aljannu, waɗanda Alƙur'ani ya tabbatar da samuwarsu. Ta wannan ƙofa ce iskokin da suka sami wurin fakewa.

Malamai da hubbarensu

Musulunci ya sami gindin zama a fadar Katsina tun zamanin Muhammadu Korau, cikin ƙarni na 15, kuma a ƙarshen wannan ƙarni ne Shehu Magili ya ziyarci Kano da Katsina. Hasumiyar Gobarau ita ce abin da ya rage na babban masallacin wancan lokaci. Daga nan Katsina ta zama garin malamai, kuma uku daga cikinsu suka zama waliyyan birni.

Na farko shi ne Wali Ɗan Takum, wanda masana da yawa suke ganin shi ne Aida Ahmad, malamin da ya yi karatu a gabas, ya dawo ya zama alƙalin Katsina, ya rasu wajen 1529. Na biyu shi ne Wali Ɗan Marina, wanda littattafan Larabci ke kira Ibnus Sabbag, watau ɗan mai rini, malami kuma mawaƙi na ƙarni na 17. Na uku shi ne Wali Ɗan Masani, wanda aka haifa a 1595 ya rasu a 1667, ya kuma yi sharhin Ishiriniya da na Ashmawi. Unguwar Masanawa tana nan a birni da sunan zuriyarsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci Ɗan Marina da Ɗan Masani cikin malaman ƙasar Hausa a littafinsa Infaƙul Maisuri.

Ga abin da ya faru da kabarin masanin Japan ya maimaita kansa. Tun da waɗannan bayin Allah da ilmi aka san su, sai kaburburansu suka zama wurin zuwan almajirai masu neman buɗin karatu. Amma ba su kaɗai ke zuwa ba. Matar da ke neman haihuwa, da falken da zai yi doguwar tafiya, da mai shari'a a gaban alƙali, duk sukan tsaya su yi sallama, su karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, su yi sadaka ga masu tsaron wurin, su roƙi Allah albarkacin mai kabarin. Watau buƙatun da a da ake kaiwa gindin tsamiya, yanzu an kawo su inda ake ambaton Allah. Wani nau'in neman albarkar kuma shi ne son maƙwabtaka da waliyyi bayan mutuwa. Maƙabartar Ɗan Marina ta zama babbar maƙabartar birni, a nan ne ma aka rufe Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa cikin watan Mayu na 2010.

Jihadi da hukuncin ziyara

Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya tarar da ƙasar Hausa tana haɗa biyu: ana salla ana azumi, ana kuma yanka wa duwatsu da itatuwa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Dirki na Kano, wanda Alƙur'ani ne aka naɗe da fatu ana yi masa yankan shanu, har zamanin Sarki Alwali da ya sa aka fasa shi. A littattafansa irin su Nurul Albabi da Ihya'us Sunna, Shehu ya yi kakkausan suka ga wannan gauraye, bai kuma bar bidi'o'in da ake yi a kaburbura ba, kamar shafar kabari don neman tabarraki.

Ba a rasa mai ja da wannan matsayi ba. Shehu Muhammadu Laminu na Barno, a wasiƙun da suka yi musaya da Muhammadu Bello, ya kawo hujjar cewa irin waɗannan ayyuka saɓo ne da jahilci, ba su isa a kafirta al'umma a yaƙe ta ba, har ya kafa misali da wata itaciya da talakawa ke girmamawa a Dimyaɗa ta ƙasar Masar, garin malamai. Malaman Sakkwato suka amsa cewa yanka domin wanin Allah ya wuce saɓo, ya taɓa tauhidi. Wannan gardama ta shekara ɗari biyu ita ce uwar wadda ake yi yau.

Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar tsofaffin sarakuna kuma suka koma arewa suka kafa Maraɗi, inda sarautar Iya, shugabar 'yan bori, ta ci gaba a fada. A ƙasar da ta shiga daular Usmaniyya tsafi ya fita daga fada ya koma gidajen Maguzawa da ɗakunan 'yan bori. Amma ziyara ba ta mutu ba, sabuwar alƙibla ta samu. Shehu ya rasu a 1817, Hubbarensa a Sakkwato ya zama wurin da aka fi ziyarta a ƙasar Hausa duka, tare da kabarin Abdullahi a Gwandu da na Bello a Wurno. Shehu kansa Baƙadire ne, mai girmama waliyyai, abin da ya hana shi ne wuce iyaka. Mata sun fi kowa riƙe wannan ziyara, tun daga 'yan taru, matan karkara da ke tafiya ƙungiya-ƙungiya wurin Nana Asma'u ɗaukar karatu, har bayan rasuwarta a 1864.

Gardamar wannan zamani

Cikin ƙarni na 20 ɗariƙun Sufaye suka ƙara wa ziyara tsari. A Kano Shehu Nasiru Kabara ya kafa Maukibin Ƙadiriyya tun shekarun 1950, inda ake fita kowace shekara cikin watan Rabi'us Sani a ziyarci kaburburan waliyyan birni. Tijjanawa kuma suka buɗe hanyar Kaulaha ta ƙasar Sanagal, garin Shehu Ibrahim Inyas wanda ya rasu a 1975, da ta Fas a Maroko, inda Shehu Tijjani yake kwance. Mota da jirgin sama suka sa ziyarar da a da sai attajiri ta zama abin da ƙaramin ɗan kasuwa zai tara wa kuɗi.

A ɗaya gefen, wa'azin Shehu Abubakar Gumi da kafuwar ƙungiyar Izala a Jos cikin 1978 suka kawo tambayar har cikin zaurukan ƙauye. Ɓangarorin biyu sun yarda da hadisin da ya halatta ziyarar kaburbura domin tuna lahira da yi wa mamata addu'a. Sun yarda kuma cewa Allah kaɗai ke bayarwa. Inda suka rabu shi ne: shin ya halatta a yi tafiya takanas domin kabari, kuma a roƙi Allah da darajar wanda ke cikinsa? Masu hani suna kafa hujja da hadisin masallatai uku da aka keɓe da niƙa gari, da ruwayar cewa Sayyidina Umar ya sa an sare itaciyar da aka yi mubaya'a a gindinta da ya ji mutane suna zuwa wurinta. Masu halattawa suna cewa tawassuli da salihai abu ne da manyan malaman mazhabobi suka yarda da shi, kuma mai ziyara ya san wanda yake roƙo. A garuruwa irin su Kankiya da Kusada ba abin mamaki ba ne a sami wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, kowanne yana riƙe da ɗaya daga cikin ra'ayoyin nan.

Akwai dai wurin da kowa ke haɗuwa. Idan damina ta tsaya, kamar yadda aka gani a farin 1973 da na 1984, gari yakan fita filin idi roƙon ruwa, a yi salla raka'a biyu, a juya riguna, a yi sadaka. Buƙatar da ta kai kakanni Dala da Kwatarkwashi ita ce ta fitar da jikoki, sai dai yanzu ba a tsaya wurin kowa ba, an nufi Mai ruwan kai tsaye.

Abin da ake hasara

Hukuncin ziyara aikin malaman addini ne. Amma akwai wani ɓangare da ya shafi kowa, ko wane ra'ayi yake bi. Wuraren nan su ne kundin tarihin ƙasa. Tudun Durɓi ya faɗi abin da babu littafin da ya rubuta game da cinikin Katsina na da. Kabarin Ɗan Masani shi ke tuna wa yaron birni cewa an yi marubuci a unguwarsu shekara fiye da 350 da suka wuce. Idan aka ce duk abin da aka taɓa girmamawa ba bisa ƙa'ida ba sai a shafe shi, to tare da shi za a shafe shaidar. An ga ƙarshen wannan hanya a Tambutu cikin 2012, lokacin da masu ɗauke da makamai suka rushe hubbaren waliyyan garin. Magina na garin suka sake gina su, kotun duniya ta Heg kuma ta ɗaure wanda ya jagoranci rushewar shekara tara a 2016.

Hasara ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Tsoron iskoki, duk da ɓatan da ke cikinsa, shi ya tsare manyan tsamiyoyi da kukoki daga gatari shekaru aru-aru. Japan ta ɗanɗana wannan: a 1906 gwamnati ta ba da umurnin haɗe ƙananan ɗakunan bautar ƙauyuka, aka rufe dubbai, aka sayar da kurmin da ke kewaye da su, har wani masanin tsirrai mai suna Minakata Kumagusu ya tashi yana yaƙi da dokar saboda dazuzzukan da ake ɓarnatarwa. A arewacin ƙasar Hausa tsoron ya ragu, buƙatar itacen girki da gawayi ta ƙaru, hamada kuma tana matsowa. Itaciyar da ta shekara ɗari biyu tana ba da inuwa da miya da magani takan faɗi cikin yini ɗaya. Ba a ce a mayar da tsoron iska ba. Musulunci yana da nasa dalilin tsare itace, tun da hadisi ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi. Abin da ya rage shi ne a ji wannan dalili a kan mumbari kamar yadda ake jin hani ga tsafi.

Kammalawa

An ga cewa wurin ziyara yana samun sunansa daga tarihin mai shi da kuma buƙatar masu zuwa, a Japan da ƙasar Katsina baki ɗaya. An ga yadda ziyara ta tashi daga dutse da tsamiya ta koma kabarin malami, daga nan ta nufi Sakkwato da Kaulaha, da yadda kowane mataki ya zo da gardamarsa. Aikin da ke gaban ɗaliban tarihi da na Hausa, musamman 'ya'yan Kankiya da Kusada da Ingawa, shi ne su koma garuruwansu da alƙalami da na'urar ɗaukar magana, su zauna da dattawan Rimaye da Yashe da Mawashi da Kafin Soli, su tambayi sunan kowace tsohuwar rijiya da kuka da kufai da kabarin malami, da abin da ake zuwa nema a wurin a da, da shekarar da aka daina. Rubuta abu ba bauta masa ba ne. Malaman da suka rubuta tarihin Kano Musulmi ne, amma ba don su ba da yau babu wanda ya san sunan Barbushe. Dattawan da suka ga ƙarshen wancan zamani da idonsu kuwa saura kaɗan.

Allah ya sa albarka cikin abin da aka ji, ya kuma ba da damina mai albarka.